Shari'ar Albasa a Tsakar Gidana

Ƙarar cokali ce a bakin kofin gilashi, sau ɗaya, daga ɗakin 'yan mata. Ina tsugune a madafa ina tankaɗen garin dawa bayan azahar, sai na lura maganar da nake ji tun ɗazu ta bayan ƙofa ta yanke daidai da ƙarar nan, ko kalmar da aka ɗauko ba a ƙarasa ba. Na ajiye rariya na kasa kunne. Can sai muryar ta sake tashi daga farko, da Turanci, a tsanake, wata irin murya da ban san 'yata tana da ita ba.

'Yar farina ce, tana karatun lauya a jami'a, ta zo hutu. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama doguwar hira da shi, ba ta kallon sa ido cikin ido. Matan yanzu da yawa sun watsar da wannan kunya. Ni ban iya ba. Tun da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta zuwa Maiyama, sai da ta isa shiga sakandare ta dawo mana Jega. In ina neman ta "ke" nake cewa, ko in aiki autata, wadda a lokacin ba ta daɗe da shiga firamare ba: je ki ce wa Yayarki kaza. Wanda bai san abin ba zai ɗauka rashin so ne, alhali in ta yi tari a ɗaki ni nake fara ji. Illar abin ɗaya ce. Ranar da wani abu ya dame ni game da ita, ba ni da bakin da zan zaunar da ita in tambaya.

Abin da ya fara zo mini shi ne ishara ce. A makarantar kwana haka muke yi, mai gadi ta ƙwanƙwasa ƙarfen gado in malama na tafe, kowa ya haɗiye maganarsa. To wa take yi wa ishara a ɗakin da ita kaɗai ce? Washegari na samo wa kaina aiki kusa da tagar, na baza kuɓewa a tabarma ina juyawa ba gaira ba dalili. Nan na ji muryar namiji a waya. Ya yi magana mai tsawo, ta buga cokali, ya yi shiru. Ita ma ta yi tata, ta buga wa kanta, ta yi shiru. Da na saurara da ɗan Turancin da ya rage mini, ban ji kalma ɗaya ta soyayya ba. Gona nake ji, da shanu, da diyya. Ranar ta dage ƙwarai a kan cewa an zalunci wani manomin albasa, dole a biya shi. Har na ji tausayin mutumin.

Kwana ɗaya tsakani, da wannan murya, da wannan zafi, na ji tana cewa makiyayin da shanunsa suka shiga gonar ba shi ne abin kamawa ba. Wannan ya fi muryar namijin tayar mini da hankali.

Da yammacin ranar babansu ya dawo daga rumfarsa ta hatsi, ta kai masa ruwa ta durƙusa, na gane magana ce a bakinta. Na koma madafa inda ake jin komai. Ta ce an zaɓe ta ita da wani ɗan ajinsu su wakilci makaranta a gasar kotun gwaji, inda ɗalibai ke tsayawa gaban alƙalai na gaske su yi shari'a kamar lauyoyi. A wani gari ne, da kwana, malamarsu mace za ta raka su. Malamar na son amsa kafin hutu ya ƙare, in ba haka ba a sa wata.

"To su wa da wa ke shari'ar?" in ji babanta.

"Babu su, Baba. Ƙirƙirar su aka yi, aka rubuta labarin aka raba wa kowace makaranta. Da manomin da makiyayin duk a takarda suke."

Ya yi dariya har ya ajiye kofin. "Shanun da babu su sun tattake albasar da babu ta, kuma sai an shiga mota an tahi wani gari a raba gardama. To ke wane ne naki?"

"Duka biyun. Doka ce. Kowa sai ya shirya ɓangaren mai ƙara da na wanda ake ƙara. Da safen ranar ake jefa ƙuri'a, wanda ya faɗo maka shi za ka tsaya wa. Zagaye na gaba a juya."

"Cokalin hwa? Innarki ta ce kofunanta sun shiga uku."

Ban ce masa haka ba, amma ashe shi ma ya ji. Ta ce akwai lokaci ƙayyadadde, in ya cika sai a buga ƙararrawa, wanda ya ƙara kalma bayan nan a rage masa maki. Tana horar da bakinta ne ya saba tsayawa.

"Ni dai ban ga aibu ba," ya ce. "Amma tahiya da kwana ta ɗiya mace, wagga magana ta Innarki ce. Abin da ta ce shi za a yi."

Ya ɗora mini, ya tashi ya tafi masallaci.

Ina yarinya mahaifina yana da fadama a Fagada. Wani yanki nata ya fita hannunsa saboda bakin mutum ɗaya. Mutumin nan ya zauna a zaurenmu, ya sha furarmu, ya ce shi shaida ne iyakar tana wajen tsamiya. Ranar da aka taru gaban manya sai ya miƙe, da wannan natsuwa, da wannan zaƙin baki, ya ce iyakar tana wajen rijiya. Mahaifina bai iya magana a taro ba. Ya dawo gida ya zauna, bai ci tuwo ba. Tun ranar nake tsoron mutumin da maganarsa ke da daɗi ta kowane gefe. A Islamiyya kuma an karantar da mu inda shaidar zur take a cikin manyan zunubai. Na san muhawara, mun yi ta a sakandare, likita ya fi malami ko malami ya fi likita, amma can gefe ɗaya ake ba ka, kuma ba haƙƙin kowa a ciki. Wannan kuwa horo ne na musamman, a koya wa yarinya ta yi kuka don manomi da hantsi, ta yi kuka don makiyayi da la'asar, a ba ta maki. Yau mutanen takarda ne. Gobe fa, in na jini da tsoka suka zo?

Kwanaki suka yi ta tafiya ban ce komai ba. Kullum da safe ta zo ta gaishe ni, ta ɗan jima a durƙushe fiye da yadda ta saba, in ce "lahiya lau" ina kallon tukunya. Zargi kuma in ya shiga gida ba ya zama a ɗaki ɗaya. Ta ce miyar yau ta yi daɗi, sai in ji raina yana cewa, ko ƙuri'a ce ta faɗo a kan miyata? Auta ta yi faɗa da 'yar maƙwabta ta shigo da kuka, Yayarta ta ce a kira waccan a ji ta bakinta tukuna, sai in ce a raina, ga shi nan, ko ƙanwarta ba za ta tsaya wa kai tsaye ba. Na yi ta istigfari a kan wannan tunani, yana tafiya yana dawowa.

Yayana manomin albasa ne a Aliero. Shi ya koya mini cewa ba a sayen buhu da kallon bakinsa, don manya masu sheƙi ake jerawa a sama. Sai ka zura hannu har tsakiya ka zaro ɗaya, ka latsa wuyanta, ka sunsuna. Abin da nake so in yi wa 'yata ke nan, amma hannuna ba ya shiga buhun nan. Sai da na wani.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono da man shanu duk ranar kasuwa, rugarsu tana wajen Gehuru. Mun daɗe tare, yarana Goggo suke ce mata, ita kuma ba ta da kunyar kowa a gidan. Da ta sauke ƙwarya na ja ta gefe na ba ta labari. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira ni yadda Fulani ke kiran uwargida.

"Inna wuro, ke dai ba ki rasa abin damuwa. To mi kike so in yi?"

"Ki sa ta yi mana abin nan a gabanmu. In ta kai inda ya matse ta, ki ba ta ƙarya 'yar ƙarama, mai sauƙin ɗauka. Ina son in ga ko za ta miƙa hannu."

"Tarko za ki ɗana wa ɗiyarki da ni."

"Gwaji dai. Su ma ai gwaji suka kira abin."

Ta ɗaga murya ta kira ta da sunanta, yadda ni ban taɓa yi ba. "Hito nan, lauyar shanu. An ce kina shari'armu a ɗaki ba ki gayyace mu ba."

Ta fito tana murmushi, ta saci kallona. Na ga ta gane cewa amsar da take jira tana cikin wannan zama. Ta ce to, amma sai an bi ƙa'ida. Ta ɗauko kujerar roba ta babanta ta ajiye a inuwar ɗaki, ta ce nan alƙali zai zauna. Ta miƙo mini kofi da cokali ta hannun auta. Ta ce alƙali yana da ikon katse ta da tambaya duk lokacin da ya so, kuma dole ta amsa kafin ta ci gaba.

"Sai kuma suna," ta ce. "A can ba a yarda alƙali ya san sunana ko makarantata ba, don kada ya karkata. Lamba ake ba mu, da ita za a kira ni."

"To ai kin samu alƙalin da ya dace," in ji Goggo. "Wagga tun da ta haife ki ba ta san sunanki ba."

Auta ta dube ni da mamaki, kamar ta ɗauki maganar da gaske. Na ce su bar shirme a fara.

Ta ba mu labarin da Hausa. Wani manomi ya faɗaɗa gonar albasarsa har ya cinye burtalin da shanu ke bi zuwa ruwa. Wani makiyayi ya iso da garke cikin ƙishi, ya bi inda aka saba bi, shanu suka tattake shuka. Manomi ya kai ƙara yana neman diyya. Goggo ta karya tsinken tsintsiya biyu, dogo na manomi, gajere na makiyayi, ta damƙe a hannu. 'Yata ta zara, gajeren ya fito.

"Alhamdu lillahi," in ji Goggo. "Yau nonon da kika sha zai yi magana."

'Yata ta gyara hijabinta ta tsaya a gabana, ta haɗa hannuwa. "Ya mai shari'a," ta ce. Ina kallon ƙafafunta. Ta katse jawabinta. "Inna, alƙali yana kallon mai magana. Da haka ake gane ko ya gamsu."

Na ɗago. Ban tuna ranar da na yi mata irin wannan kallo ba tun tana cikin zani. Ashe goshin mahaifina ne da ita, har da jijiyar da ke tashi a gefe in magana ta yi nauyi. Shi dai bai iya fitar da tasa ba. Ita kuwa ta jera tata kamar mai jera kwanoni: hanyar ta riga gonar, kowa a yankin ya san ta, wanda ya toshe hanya bai nemi izinin kowa ba, dabba mai ƙishi ba ta da wata mashaya. Goggo tana ta gyaɗa kai. Ni ma na ji ina bin ta, kuma wannan bin shi ne abin da nake tsoro. Na katse ta.

"Shi makiyayin, ya ga albasar kahin shi kora shanun?"

Na ga jijiyar ta motsa. Goggo ta shigo daidai inda muka shirya.

"Ki ce da duhun asuba ne, bai gani ba. Albasa ƙarama da ciyawa wa ke rarrabewa?"

"Goggo, ba ya cikin labarin da aka ba mu. An hana ƙara ko da tsinke."

"To ki ce shanun sun rinjaye shi. Shanu in sun ji ƙanshin ruwa wa ke tare su? Wannan ai ba ƙarya ba ce, kowa ya sani."

"Kowa ya sani, amma ba a ce haka ya faru ba."

"Mutumin babu shi hwa. Wa za ki yi wa ƙarya?"

Ni ta fuskanta. "Ya gani, ya mai shari'a. Da rana ne, ya tsaya ya duba, sa'an nan ya kora. Nan ne raunin wanda nake tsaya wa, ba zan ɓoye wa kotu ba. Abin da nake roƙo shi ne kada a ɗora masa asarar duka, alhali wanda ya toshe hanya shi ya fara."

Nan Goggo ta bar shirinmu ta shiga nata. Fuskarta ta canza. Ta ce wane irin lauya ne zai ɗauki mutum ya kai shi ya kayar? Ta ce su burtalinsu na gaske an cinye shi taƙi-taƙi, yanzu sai sun zagaya ta bakin kwalta da garke, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce ga raunina. "Su ba su faɗin nasu, ke ki faɗi namu. Haka aka koya maku?" 'Yata ta ce mata a hankali, in ta ɓoye wannan aka gano, alƙali ba zai ƙara yarda da maganar burtalin ba, ita ce kuwa mai ƙarfin. Ta juyo ta ci gaba, idonta a cikin nawa. Na ji hawaye na shirin zubo mini. Ga baƙuwa, ga auta, ga 'yar fari a tsaye. Na buga cokalin.

Ta tsaya a tsakiyar kalma. Ta dubi wayarta da ke kan turmi.

"Ya mai shari'a, da saura."

"Alƙali ya buga," na ce.

Ta zauna a bakin tabarma, ranta a ɓace. Na san ta ɗauka hukunci ne. Ba ta san idona nake ceto ba. Sai na yi abin da ban saba ba, na tambaye ta kai tsaye ba ɗan aike.

"Da dogon tsinke ya hito, za ki faɗa cewa manomin ya ci burtali?"

"Dole, Inna. Ko ban faɗa ba alƙali zai tambaya, ɗaya ɓangaren kuma yana jira."

"Tsoron alƙali ke nan, ba tsoron Allah ba."

Ta juya gajeren tsinken a hannunta. "Duka biyun ne. Na alƙalin dai shi ake gani a maki."

Goggo ta ɗauki ƙwaryarta tana mita, ta ce ita in ta tashi shari'a wani za ta nema, wannan ta cika gaskiya kamar ba Bahausa ba. A bakin zaure ta rage murya ta ce mini, "Buhunki lahiya yake har ƙasa, inna wuro. Bar yarinya ta tahi."

Ban yarda da ita duka ba. Na zaro albasa ɗaya ce, ta fito da kyau, shi ke nan abin da na sani. Na ce wa babansu, a wurin gasar akwai ƙararrawa, akwai doka, akwai mai rage maki. Ranar da ta fita duniya, inda ƙaryar ke da riba kuma ba mai riƙe da cokali, wa ya san abin da bakin nan zai yi? Wataƙila mutumin da ya ci fadamar mahaifina ma ba da baki biyu aka haife shi ba. Ya ce in haka ne sai mu hana ta fita ƙofar gida, kuma ko a gidan ai harshenta na tare da ita. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda ta ce "ya gani" a gaban matar da ta fi so ta faranta wa, tana sane da cewa tafiyarta na hannuna. Da mahaifina ya samu mutum ɗaya mai iya tsayuwa haka a gefensa, da ya ci tuwonsa ranar.

Da safe na kira auta. "Je ki ce wa Yayarki ta hiddo kayan da za ta tahi da su, a wanke tun da rana." Na ji gudun yarinyar, sa'an nan na ji an buɗe akwati. Da ta zo yi mini godiya ina kallon tukunya kamar kullum.

Abin da ya faru a wurin gasar labarinta ne, ita za ta ba da shi. Ni abin da na sani, ranar da suka ce za a fara na kasa zama wuri ɗaya. Na wanke kofin nan ya fi a ƙirga. Bayan na sallame la'asar na zauna a kan darduma ina tunanin tana can tsaye gaban baƙin mutane, ba wanda ya san 'yar wace ce, ba wanda ya san sunanta, lamba kawai. Ban roƙa mata nasara ba. Na roƙi Allah ya tsare mata harshenta a inda akwai ƙararrawa da inda babu. Da na zo inda nake cewa "yarinyar nan", kamar yadda na saba ko a addu'a, sai na ji bai ishe ni ba. Na faɗi sunan, a fili, har sau biyu.

Na shafa na juyo, sai ga auta a bakin ƙofa riƙe da labule, ta zuba mini ido.

"Inna," ta ce, "ashe kin san sunan Yaya."